Daga Kurmi zuwa ɗakin gwaji: yadda ake gwada kayan yaji a kan tsutsar ciki

Duk wanda ya taso a Kano ya sha jin cewa tafarnuwa tana kashe tsutsar ciki, ko kuma a jiƙa kanumfari a sha da safe kafin a karya. Maganar ba ta rasa tushe ba. Kanumfari cike yake da wani mai da ake kira yujinol, tafarnuwa na da alisin, masoro na da faifarin, citta na da jinjarol, kurkum kuma na da kurkumin, kuma duk waɗannan sinadarai ne masu aiki a jikin halitta. Maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar, cikin tsirrai huɗun da aka haɗa shi da su akwai masoro da kanumfari. A 2015 ma kyautar Nobel ta likitanci ta tafi ga mutanen da suka samo magani daga halittun da ke kewaye da mu: Tu Youyou ta kasar Sin da ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani nau'in tazargade, sai William Campbell da Satoshi Omura da aikinsu ya haifar da maganin tsutsa na ibamektin daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa.

Buƙatar kuma a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kamuwa da su ta ƙasa. A ɓangaren kiwo kuwa, tsutsotsin tumaki da awaki sun daɗe da fara bijire wa magungunan da ake ɗura musu a ƙasashe da dama.

Wannan jagorar ta ɗalibin ajin ƙarshe ce da aka ba wa irin wannan furojet a Jami'ar Bayero ko wata makarantar, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da malamin dabbobi mai son ya gani da idonsa. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, kashe tsutsa a cikin faranti ba wuya. Gishiri ma yana yi, ruwan zafi yana yi. Wahalar tana wajen shirya gwajin ta yadda in tsutsar ta mutu za ka iya bugun ƙirji ka ce kayan yajin ne suka kashe ta.

Sayen kaya

Ka zaɓi biyu ko uku, kar ka wuce haka. Ɗalibai na son jera kayan yaji bakwai don sunan aikin ya yi nauyi, sai a ƙare da faranti fiye da ɗari da ba mai iya bibiyarsu. In shawarata za ka bi, ka ɗauki kanumfari da citta da masoro, ko ka sauya ɗaya da kimba ko habbatus sauda.

A kasuwar Kurmi ko ta Rimi, ka sayi kayan a yadda suke, ba niƙaƙƙu ba. Garin da aka riga aka niƙa ba ka san me aka haɗa masa ba, ba ka san kuma wata nawa ya yi a leda yana shan rana ba. A Indiya da Bangaladash an kama garin kurkum da aka zuba wa sinadarin dalma don launinsa ya ƙara fitowa. Kanumfari mai kyau kansa na nan bai karye ba, in ka danna shi da farce za ka ga maiƙo. Wanda aka riga aka tatse man yakan yi fes, ba nauyi, ba ƙamshi sosai. Busasshiyar citta ka karya ta ka duba ciki, in ka ga ramukan ƙwari ko funfuna ka ajiye ta. Ka tambayi mai shagon: "Alhaji, wannan cittar ta ina ce, kuma ta bana ce ko ta bara?" Mafi yawan cittar da ke shigowa Kano daga kudancin Kaduna take, wajen Kachia da Jaba, kuma mai kaya na gaskiya zai gaya maka. Ka rubuta ranar saye da kasuwa da amsar da ya ba ka. Ka sayi abin da zai ishe ka har ƙarshen aikin a lokaci ɗaya, wajen rabin kilo na kowanne, don kanumfarin wata mai zuwa ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na yau ba.

Daga nan ka kai samfur ɗakin adana tsirrai na sashen nazarin tsirrai, a tabbatar maka da sunan kimiyya a ba ka lambar shaida. Wannan ba cika takarda ba ne kawai. Citta mai yatsu ita ce Zingiber officinale, citta mai 'ya'ya kuwa Aframomum melegueta ce, tsirrai biyu ne daban. Haka masoro, wato Piper guineense, ana yawan rikita shi da ɗan'uwansa Piper nigrum da ake shigowa da shi daga waje.

Shanya, niƙa da jiƙo

Ka tsince tsakuwa da kara, ka ɗauraye in da ƙura, ka shanya a inuwa inda iska ke shiga. Ranar Kano ta watan Afrilu tana korar man da kake nema tun kafin ka fara. Lokacin hunturu kwana kaɗan ya isa, sai dai ka rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Da damina sai ka riƙa juyawa kullum. Alamar bushewa ita ce ka auna nauyin yau, ka auna na gobe, su zo daidai.

Kar ka kai injin niƙan unguwa. Yanzu aka gama niƙa barkono da daddawa a cikinsa, kuma zafin injin kansa yana ƙona mai. Turmi mai tsabta ko bilenda ta ɗakin gwaji, kana yi kana hutar da ita. Ka tankaɗe, ka zuba a kwalba mai murfi, ka ajiye a duhu.

Tafarnuwa ba ta bin wannan layin. Alisin ba ya samuwa sai an daka ɗanyar tafarnuwa, sinadaran da ke rabe a cikinta sun haɗu, kuma zafi yana lalata shi, haka daɗewa. In ita za ka gwada, ka daka ɗanya a ranar gwajin, ka bar ta kamar minti 10, ka tace da ruwa mai sanyi, ka yi aiki da ita nan take. Wanda ya tafasa tafarnuwa sannan ya rubuta cewa ba ta aiki, wani abu daban ya gwada.

Sauran kuwa ka yi musu jiƙo iri biyu. Na farko da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, domin shi ya fi kusa da yadda mutane ke sha a gida. Na biyu da etanol mai ƙarfin kashi 70, domin yawancin sinadaran nan ba sa narkewa sosai a ruwa. In etanol ɗinka mai kashi 95 ne, ka auna mililita 737 ka cika da ruwa zuwa lita ɗaya. Ma'aunin jiƙo: giram 100 na gari a cikin lita ɗaya. Ka rufe kwalbar, ka riƙa girgizawa safe da rana da yamma. Na etanol ya yi awa 72. Na ruwa kar ya wuce awa 24, a firji in da hali, don a zafin garin nan jiƙon ruwa yana tsami kamar kamu, kuma da zarar ya fara kumfa ya tashi daga aiki.

Ka tace da yadi mai laushi tukunna, sannan da takardar tacewa ta Whatman lamba 1. Sai ƙafewa. In akwai injin ƙafewa mai juyawa, shi ya fi. In babu, ka ɗora a kan ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Kar ka kusantar da etanol da buɗaɗɗiyar wuta. In malaminka ya ce a yi da metanol, ka sani guba ne mai makantarwa, sai a wurin da iska ke fita, kuma sai ya ƙafe ƙaf kafin ya taɓa tsutsa, in ba haka ba shi zai yi kisan a yaba wa citta.

Abin da ya rage a ƙasan kwano, mai danƙo ko gari, shi ne tsantsar, ka auna shi. A ce giram 100 ya ba ka giram 8, ka samu kashi 8 cikin ɗari ke nan. Ka rubuta, ka ajiye a firji cikin kwalba mai duhu.

Haɗa ma'auni da farantan kwatanci

Giram 1 na tsantsar a cikin mililita 10 shi ne miligiram 100 a kowace mililita. Daga nan ka riƙa rabawa biyu: 50, 25, 12.5, 6.25. Ruwan da za ka narkar da ita shi ne ruwan gishiri na giram 9 a lita, ko ruwan PBS, wato ruwan gishirin ɗakin gwaji mai daidaita tsami, in akwai. Tsantsar etanol ba za ta narke da daɗi ba, musamman ta kurkum da masoro, sai ka fara kwaɓa ta da ɗigon DMSO ko Tween 80, sinadarai masu taimaka mata ta narke. Kar DMSO ya wuce kashi 1 cikin ɗari na ruwan ƙarshe, wato mililita 0.1 a cikin 10, kuma ruwan da kake tsinkawa da shi ma ya zama da wannan kashi 1 ɗin, don duk farantai su zo daidai. Ka kiyaye fatarka, DMSO yana ratsa fata ya shige da duk abin da ke narke a cikinsa.

A nan aikin da yawa ke faɗuwa, saboda haka bari in tsaya. Kowane gwaji yana buƙatar farantai uku da babu kayan yaji a ciki. Na farko ruwan gishirin zalla, shi zai nuna maka tsawon lokacin da tsutsar za ta rayu in ba a taɓa ta ba. Na biyu ruwan gishiri da DMSO kashi 1, shi zai wanke DMSO ɗin daga zargi. Na uku maganin asibiti ko na dabbobi da aka san yana aiki, shi zai nuna cewa gwajin naka yana iya gano kisa in an yi.

Zaɓen wannan maganin na uku yana da ƙa'ida. Albendazol yana toshe wa tsutsa hanyar shan suga ne, ta mutu a hankali cikin kwanaki, ga shi ba ya narkewa a ruwa. In ka daka ƙwayar albendazol ka zuba a faranti, ka zauna kana duba agogo, kanumfari zai riga shi, sai ka fito kana cewa kanumfari ya fi maganin asibiti. An rubuta irin wannan jumlar a furojet da yawa, kuma kuskure ce. Gwajin motsi yana son magani mai shanye jiki da sauri, wato lebamisol ko fiferazin. Albendazol da danginsa wajen gwajin ƙwai suke nuna kansu.

Ka auna tsamin kowane ruwa da takardar pH. Jiƙo mai tsami sosai yana kashe tsutsa da tsaminsa kawai. Kowane ma'auni kuma a yi masa faranti uku, sannan a maimaita gwajin gaba ɗaya a wata ranar da sabbin tsutsotsi.

Gwajin tana, da iyakarsa

Yawancin ɗalibai da tana suke farawa, don ba ta da tsada kuma ba ta da haɗari. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ko'ina ka tona a wuri mai taki za ka samu. Da rani sai lambu ko fadama. Ka guji bakin kwata da inda ruwan masana'antu ke bi, tanar wurin ta riga ta sha abin da ta sha. Ka zaɓi masu tsawo ɗaya, ka wanke musu ƙasa, ka sa shida a kowane faranti da ruwa mililita 20 zuwa 25.

Lokaci biyu za ka rubuta wa kowace tana. Lokacin shanyewar jiki: sa'ad da ta daina motsi sai an girgiza farantin da ƙarfi. Lokacin mutuwa: sa'ad da ko an girgiza ba ta motsi, ko an tsoma ta a ruwa mai ɗumin digiri 50 ba ta zabura, launinta kuma ya fara dusashewa. Za ka ga abin da ido: tana shiga ruwan kanumfari mai ƙarfi sai ta hau murɗewa tana fitar da majina, daga baya ta miƙe.

Sai dai tana ba tsutsar ciki ba ce, ko dangi ba su haɗa ba. Tana da fatarta take numfashi, fata ce mai laushi da jiƙa, duk wani abu mai yaji ko zafi zai ƙone ta. Tsutsar ciki kuwa tana sanye da wata riga mai tauri da ke kare ta daga ruwan narkar da abinci, wanda shi ne gidanta. Amfanin gwajin tana shi ne ka koyi riƙe agogo da rubuta sakamako, ka kuma tace waɗanda ba su da alamar komai. Wanda ya tsaya a nan bai gwada maganin tsutsar ciki ba tukunna.

Zuwa mayanka

Tsutsar da ta fi dacewa da aikinka a Kano ita ce Haemonchus contortus, mai shan jinin tumaki da awaki. Tana zaune a jaka ta huɗu ta cikin dabba, wadda ke haɗe da farkon ƙaramin hanji. Ita ce ke sa tunkiya ta rame, cikin idonta ya yi fari, ƙasan haɓarta ya kumbura da ruwa. Macen tana kai santimita 2 zuwa 3, kuma ba ta ɓuya: za ka ga zare ja da fari sun nannaɗe juna a jikinta, jan hanjinta ne cike da jini, farin kuma mahaifarta. Mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ta fi yawa da damina da farkon kaka, don haka in kana da zaɓi ka tsara aikinka a lokacin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin nan ka kai takardar sashenku ga likitocin dabbobi da ke babbar mayanka ta Fagge, ka gaida shugabannin mahauta, ka yi musu bayanin abin da kake nema, ka kuma shirya biyan kuɗin abin da za ka ɗauka, don kayan ciki kuɗi ne a wurinsu. Tun daren jajibirin tafiyar, farantanka su kasance a jere da lambobinsu, ruwan gwaji a haɗe. Ka isa da sassafe lokacin da ake yanka, da takalmin roba da safar hannu da filas mai ruwan gishiri mai ɗumin digiri 37. A ɗaure jakar ta bakin biyu a yanko maka ita, ka sa a kula, ka kama hanya. Tsutsar nan ba ta jure sanyi da jira, a cunkoson Kano kuma awa ɗaya ba komai ba ce, saboda haka ka fito kafin gari ya cika.

A ɗakin gwaji ka tsaga jakar ta tsawonta, ka buɗe naɗe-naɗen cikin. Za ka gan su manne da bango suna motsi. Ka ɗebo da hantsaki mai laushi ko burushin zane, kar ka matse. Ka wanke su sau biyu ko uku a ruwan ɗumi, ka zaɓi masu kuzari, goma a kowane faranti. Farantan su zauna a digiri 37. In wuta ba ta da tabbas, ka tanadi janareta ko ka yi aikin inda ake da sola, don in injin ɗumi ya mutu a tsakiyar gwaji duk tsutsotsin za su lafa tare, ka rasa na kayan yaji da na sanyi.

Ka duba bayan awa 1, 2, 4, 6 da 8, ka ƙirga masu motsi a kowane faranti. A ƙarshe ka kwashe waɗanda suka daina motsi ka mayar da su sabon ruwan ɗumi na minti 30. Wadda ta farfaɗo suma ta yi. Wannan bambancin yana da muhimmanci, ka rubuta shi daban, domin a cikin dabba tsutsar da ta suma kawai tana iya fita da kashi, tana kuma iya farfaɗowa ta koma bakin aikinta.

Ido yana ganin abin da zuciya ke so. Ka sa abokin aikinka ya liƙa wa farantan lambobin da kai ba ka sani ba, kai kuma ka yi ƙirga. Kurkum zai tona kansa da launi, kanumfari da ƙamshi, amma aƙalla ba za ka san wane ma'auni ne a gabanka ba.

Wannan tsutsar ba matsalar ɗan Adam ba ce, amma kayan mayanka na iya ɗauke da tarin fuka na dabbobi da cutar burusela. Kar ka ci komai a wurin, ka dafa duk ragowar a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta kafin a zubar. Kashin mutum kuwa kar ka taɓa shi da sunan neman ƙwan tsutsa sai a ɗakin gwaji na asibiti da izini, don ƙwan Ascaris, tsutsar cikin mutum, yana shekaru a ƙasa da ransa.

Gwajin ƙyanƙyasar ƙwai

Wannan ya fi na motsi natsuwa, kuma yana cikin hanyoyin da ƙungiyar masana tsutsotsin dabbobi ta duniya ta tsara a ƙa'idojinta na 1992. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ware matan tsutsar, ka murje su a hankali a ƙaramin turmin gilashi da ruwa kaɗan, ka tace. Ko kuma ka ɗebo kashi kai tsaye daga duburar tunkiya mai ɗauke da cutar, ka dama, ka tace ta rariya daga mai faɗin ido zuwa mai maikiron 25 da ke tare ƙwan, sannan ka taso da su sama da ruwan gishiri mai kauri, wanda aka zuba wa gishiri har ya ƙi narkewa. Ka wanke gishirin sosai. Ƙwan su shiga gwaji cikin awa 3, don da zarar ɗan tsutsa ya fara kamawa a ciki, maganin kwatancin, wato albendazol ko danginsa, ba ya tasiri yadda ya kamata.

Ka sa ƙwai kusan 100 a kowane rami na farantin gwaji mai ramuka, ka zuba tsantsar, ka rufe, ka ajiye awa 48 a digiri 27. A nan matsalar Kano ta juya: da bazara ɗaki ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, da hunturu kuma dare yana sauka ƙasa sosai. In ba injin da ke riƙe digiri 27, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya shahara da ita har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana iya rage zafin. Ka saka ma'aunin zafi a ciki ka riƙa rubutawa safe da yamma.

Bayan awa 48 ka ɗiga ruwan aidin na Lugol don komai ya tsaya cak, ka ƙirga a ƙarƙashin maikiroskof: ƙwan da ba su fashe ba nawa, 'ya'yan da suka fito nawa. In a ramin da ba magani yawancin ƙwan ba su ƙyanƙyashe ba, gwajin ya lalace, ka sake. Tsantsa mai duhu tana rufe gani, sai ka tsinka da ruwa kafin ƙirga.

Lissafi, da abin da za ka iya faɗa

In wasu sun mutu a farantin da ba magani, ka gyara da lissafin Abbott na 1925: ka cire mutuwar farantin kwatanci daga ta farantin gwaji, ka raba da 100 da aka cire wa mutuwar kwatancin, ka ninka da 100. A ce gwaji ya ba da 70, kwatanci 10, to 60 a raba da 90, kusan kashi 67 ke nan. In mutuwar kwatanci ta haura kashi 20, ba gyara, sai maimaici. Daga nan ka fitar da ma'aunin da ke kashe rabi, wanda ake rubutawa LC50, ka kuma duba ko kisan yana ƙaruwa yadda ma'auni ke ƙaruwa. In ƙaramin ma'auni ya fi babba kisa, ka koma ka binciki haɗinka kafin ka ƙirƙiro bayani.

Sannan ka dubi lambar da idon basira. Miligiram 100 a mililita, giram 100 ne a lita. Babu cikin mutum ko na akuya da zai kai wannan kaurin ba tare da mai cikin ya jigata ba. Magungunan tsutsa na gaske a ma'aunin maikirogiram, wato ɗaya cikin dubu na miligiram, suke aiki a irin wannan gwajin. Tsantsar da ba ta yi komai ba sai a 50 ko 100, ni ba na ganin ta da wani labari. Wadda ta hana ƙyanƙyasa a ƙasa da miligiram 1, ita ce ta cancanci a bi ta. Sakamakon da ya nuna ba aiki ma sakamako ne, ka rubuta shi yadda ya zo.

Jumlar da aikinka ya ba ka damar rubutawa ita ce: tsantsar kaza, a ma'auni kaza, ta tsayar da motsin tsutsa kaza cikin awa kaza a faranti. Bai ba ka damar cewa a sha ba. Man chenopodium daga wani tsiro aka samo shi, an yi ta ba wa mutane don tsutsa a farkon ƙarni na 20, yana kashe tsutsar, amma ya kashe yara ma, har aka watsar da shi. Man kanumfari da bai cika cokalin cin abinci ba ya taɓa lalata hantar ƙananan yara. Tafarnuwa da yawa tana tsinka jini a mutum, a dabbobi kuma tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ka ga ba ƙaramin haɗari ba ne ga dabbar da tsutsa ta riga ta shanye wa jini. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya ma ba shaidar cewa suna warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. In a gida aka ce maka, "Yaya, tunda kai kake binciken, me za a ba yaron nan?", amsar ita ce a kai kashinsa asibiti a duba. Albendazol miligiram 400 sau ɗaya shi ne abin da aka saba bayarwa, rabin haka ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu, ba a kuma ba mai ciki a watanni ukun farko. Mai fitsarin jini kuwa tsargiya ake zargi, maganinta faraziƙwantel ne.

In tsantsa ta yi alƙawari

Mataki na gaba gwajin guba ne, da izinin kwamitin ɗa'a na makarantarku, a kan ɓeraye, ta hanyar masani Lorke ta 1983 ko ƙa'idojin gwajin guba na ƙungiyar ƙasashe ta OECD. Sai bayan nan a zo kan tumaki, tare da likitan dabbobi. A nan abubuwa kan sauya. Tumbin tunkiya cike yake da ƙwayoyin halitta da ke narkar da sinadarai kafin su isa jaka ta huɗu, wasu kuma jini ke kwashe su tun a hanya. Kurkumin ba ya shiga jini sosai, abin da ake ɗauka aibi a wasu cututtukan, amma ga tsutsar da ke zaune cikin hanji yana iya zama riba, kuma tambaya ce da ta cancanci furojet guda.

Ana raba dabbobin rukuni uku, aƙalla goma-goma, waɗanda suka yi wata biyu zuwa uku ba a ɗura musu magani ba: rukunin tsantsa, rukunin maganin dabbobi, da rukunin da ba a ba komai. A ranar farko a ƙirga ƙwan da ke cikin kashin kowace da gilashin McMaster, wato gilashin ƙirga ƙwai mai ɗakuna biyu: kashi giram 4 a ruwan gishiri mai kauri mililita 56, a cika ɗakuna biyun gilashin, a ƙirga, a ninka da 50, shi ne ƙwai a kowane giram. A sake a rana ta 14. Maganin tsutsa na kasuwa ana sa ran ya rage ƙwan da kashi 95 ko fiye, da wannan za a auna taka tsantsar. A tsawon kwanakin, duk bayan kwana biyu ko uku a ja fatar ƙasan idon kowace dabba a kwatanta da katin FAMACHA mai nuna ƙarancin jini ta launin ido, da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. Wadda idonta ya koma fari a cire ta daga gwajin nan take a ba ta magani, ko a wane rukuni take, a kuma rubuta ranar da aka cire ta da dalili.